Saquon Barkley da farashin mai gudu da ƙwallo a gasar NFL

A watan Maris na 2025 ƙungiyar Philadelphia Eagles ta tsawaita kwantiragin ɗan wasanta Saquon Barkley da shekara biyu a kan dala miliyan 41.2. Kafafen wasanni na Amurka sun ɗauki labarin a matsayin tarihi, domin shi ne mai gudu da ƙwallo na farko da albashinsa ya haura dala miliyan 20 a shekara a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Wanda bai saba bin wasan ba zai iya ruɗewa. Shekara biyu kafin nan, wannan Barkley ɗin ne tsohuwar ƙungiyarsa, New York Giants, ta kasa daidaitawa da shi a kan dogon kwantiragi, har shi da takwarorinsa suka yi taro ta intanet suna kokawa cewa an karya darajar aikinsu. Kuma wannan albashi na shekara da ake ta yayatawa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na dala miliyan 60 a shekara da Dak Prescott, mai jefa ƙwallo na Dallas Cowboys, ya sa hannu a kai a 2024, kuma kusan rabin abin da Ja'Marr Chase, mai cafe ƙwallo na Cincinnati Bengals, ya samu a wannan wata na Maris.

Mai kallon ƙwallon Turai ya saba da cewa wanda ya fi zura ƙwallo shi ke da tsada. A NFL lissafin daban ne, kuma rayuwar Barkley ta bi ta kusan kowace kusurwa ta wannan lissafi.

Wane aiki ne wannan?

Filin wasan yadi 100 ne, da ƙarin yadi goma a kowane ƙarshe inda ake cin maki. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi goma. In ya yi, a sake ba shi huɗu, in ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga da ita ƙarshen fili ya ci maki shida. Hanyar matsawa biyu ce: ko kwatabak, wato jagoran hari, ya jefa ta ga masu cafewa, ko ya miƙa ta hannu da hannu ga mai gudu ya kutsa da ita.

Ga yadda gudu ɗaya yake. Mai gudun yana tsaye kamar yadi bakwai bayan layin da aka ajiye ƙwallo. A gabansa akwai ƙarti biyar na ƙungiyarsa, kowanne ya kai kilo 140 ko kusa da haka, sun durƙusa suna fuskantar ƙartin ɗaya ɓangaren. Da an motsa ƙwallo sai su yi karo, kwatabak ya juyo ya danna masa ita a ciki, shi kuma ya rungume ta da hannu biyu idonsa na kan ƙugun ƙartin nan, yana neman inda rata za ta buɗe. Ratar ba ta daɗewa. In ya makara ta rufe, in ya yi gaggawa ya ci karo da bayan nasa mutumin. Yawanci yadi huɗu zai samu kafin mutum biyu ko uku su yi masa rubdugu su kai shi ƙasa. Ya tashi, cikin daƙiƙa 40 a sake wani. A kakar 2024 an miƙa wa Barkley ƙwallo sau 345 a wasa 16, ban da wasannin neman kofi. Ban da wannan kuma, idan za a jefa ƙwallo, sau da yawa shi ake sa wa ya tare mai tsaron da ya taho a guje zai kayar da kwatabak, wanda galibi ya fi shi girma.

Mai cafe ƙwallo da ya yi fice zai riƙe ta kamar sau ɗari a kaka, kuma a sarari, inda zai iya ficewa gefen layi kafin a taɓa shi. Kwatabak kuwa dokoki da yawa ne ke kare shi. Cikin masu riƙe ƙwallo, babu wanda jikinsa ke karɓar duka kamar mai gudu.

Daga Bronx zuwa New York Giants

An haifi Barkley ranar 9 ga Fabrairu, 1997 a unguwar Bronx ta birnin New York. Yana ƙarami iyayensa suka koma jihar Pennsylvania, ya girma a ƙaramin garin Coplay, ya yi sakandare a Whitehall. Gidansu na 'yan dambe ne: Iran Barkley, wanda ya doke Thomas Hearns ya karɓi kambun duniya a 1988, ɗan'uwansu ne ta wajen uba. Daga 2015 zuwa 2017 Saquon ya buga wa Jami'ar Penn State, inda ya yi gudun sama da yadi 3,800. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar 'yan wasan jami'a bi da bi, zagaye bayan zagaye, Giants ta ɗauke shi a matsayi na biyu a duk ƙasar, aka ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 31.2.

Tun a ranar aka fara gardama. Masu nazarin alƙaluma sun ce ɓarna ce a kashe zaɓi na biyu a kan mai gudu alhali ƙungiyar na buƙatar sabon kwatabak. A kakarsa ta farko ya yi gudun yadi 1,307, ya cafe ƙwallo 91, ya tara yadi 2,028 gaba ɗaya, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasan hari. Duk da haka Giants wasa biyar kacal ta ci cikin 16, sai kowane ɓangare ya ce ga hujjarsa nan. A 2019 ya gurɗe a idon sawu. A Satumban 2020, a wasa na biyu na kaka, da Chicago Bears, jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke, kakar ta tafi. A 2021 yadi 593 kawai ya yi. Sai a 2022 ya dawo da ƙarfinsa, ya yi 1,312, Giants ta shiga wasannin neman kofi karon farko tun kakar 2016. A daidai nan kwantiraginsa ya ƙare, yana da shekara 26.

Dokoki huɗu da suka ɗaure shi

Abin da ya faru bayan nan ba zai fahimtu ba sai an san yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi 32 da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. A ƙwallon Turai yaro ɗan shekara 17 zai iya sa hannu da kulob ɗin da ya ga dama, kuma kulob mai kuɗi zai iya biyan abin da yake so. A NFL duka biyun babu.

Doka ta farko ta shekaru ce. Ba a shiga gasar sai bayan shekara uku da gama sakandare. Wani mai gudu, Maurice Clarett na Jami'ar Ohio State, ya ƙalubalanci wannan a kotu a 2003, ya yi nasara da farko a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta soke. Ma'ana, shekarun 18 zuwa 21, lokacin da ƙafar mai gudu ke da sauri kuma gwiwarsa ba ta san wuƙar likita ba, a jami'a yake ƙarar da su. Har zuwa 2021 ma ɗan wasan jami'a ba shi da izinin samun kuɗi da sunansa ko hotonsa.

Ta biyu ita ce ƙayyade albashin sabon ɗan wasa, wadda ta zo da yarjejeniyar 2011. Kafin ita, Sam Bradford da aka zaɓa na ɗaya a 2010 ya samu kwantiragin dala miliyan 78. Cam Newton da aka zaɓa na ɗaya a 2011 ya samu miliyan 22. Yanzu duk wanda aka zaɓa shekara huɗu zai yi a kan farashin da matsayin zaɓensa ya yanke, ba ciniki, kuma ba za a sake tattauna kwantiragin ba sai ya cika shekara uku. Idan a zagayen farko aka ɗauke shi, ƙungiya na da ikon ƙara shekara ta biyar. Manufar dokar ita ce kuɗi su koma hannun waɗanda suka daɗe suna wasa. Ga kwatabak hakan ya yi daidai, tunda yana iya kaiwa shekara 35 ko fiye yana kan ganiyarsa. Ga mai gudu kuwa, shekarun da aka sa wa farashi mai sauƙi su ne mafi kyawun shekarunsa.

Ta uku ita ce iyakar albashi. Kowace ƙungiya akwai jimillar da ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta 53: dala miliyan 224.8 a 2023, miliyan 279.2 a 2025. Don haka duk dalar da aka ba mai gudu an hana wani ne. Haɗe da wannan akwai batun kuɗin garanti. Yawancin kwantiragin NFL ba duka ake da tabbacin biya ba. Za a sanar da miliyan 60, amma abin da ɗan wasa ke da tabbas a kai shi ne ɓangaren da aka rubuta garanti. Sauran, ƙungiya na iya sallamarsa ta huta da biya.

Ta huɗu, wadda ta fi tayar da ƙura, ita ce tambarin riƙo. Kowace shekara ƙungiya na iya ɗora shi a kan ɗan wasa ɗaya da kwantiraginsa ya ƙare, ta hana shi shiga kasuwa, ta ba shi kwantiragin shekara guda. Ana lissafa kuɗin ne daga albashin mutum biyar da suka fi tsada a matsayin da yake bugawa, ko kuma a ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan albashinsa na bara, duk wanda ya fi yawa. Ana iya maimaitawa a shekara ta biyu da ƙarin kashi 20. Tunda daga albashin takwarorinsa ake lissafi, in kasuwarsu ta faɗi tambarin ma faɗuwa yake. A 2017 tambarin mai gudu dala miliyan 12.1 ne, lokacin iyakar albashi na miliyan 167. A 2023 iyakar ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, tambarin mai gudu kuwa ya sauko zuwa miliyan 10.1. Na kwatabak a wannan shekara miliyan 32.4 ne.

Idan aka jera su, mai gudun da aka ɗauka a zagayen farko yana ɗan shekara 21 za a iya riƙe shi shekara bakwai bai taɓa jin farashinsa a kasuwa ba. Ranar da zai samu 'yancin ciniki ya kai 28, shekarun da ƙungiyoyi suka yi imani cewa mai gudu ya fara gangarowa. Masu kare 'yan wasa na ganin nan ne maganar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ta tabbata.

Yadda wasan ya juya

Da can mai gudu shi ne tauraro. Jim Brown, Walter Payton, Eric Dickerson, Barry Sanders da Emmitt Smith su ne fuskar gasar a zamaninsu. Sauyin ya faro ne daga 1978, lokacin da aka hana masu tsaro taɓa mai cafe ƙwallo bayan ya wuce yadi biyar, aka kuma sassauta wa ƙartin gaba amfani da hannu wajen kare kwatabak. A 2004 aka ƙara tsananta aiki da dokar. Jifa ya zama ya fi riba: matsakaicinsa ya kai yadi shida zuwa bakwai, na gudu kuwa huɗu da ɗoriya. Mai gudu na ƙarshe da ya ci kyautar gwarzon ɗan wasan gasar shi ne Adrian Peterson a 2012. A zaɓen 2013 da na 2014 babu mai gudu ko ɗaya da aka ɗauka a zagayen farko.

Sai kuma wasu manyan kwantiragi da suka zame wa ƙungiyoyi darasi. Los Angeles Rams ta ba Todd Gurley kusan dala miliyan 57 a Yulin 2018, gwiwarsa ta fara ba shi matsala, a Maris na 2020 aka sallame shi, kuma kakar 2020 ce ta ƙarshe da ya buga, yana da shekara 26. Cowboys ta ba Ezekiel Elliott miliyan 90 na shekara shida a 2019, ta sallame shi a 2023. Le'Veon Bell na Pittsburgh Steelers, wanda ya riƙe ƙwallo sau 406 a 2017, ya ƙi amincewa da tambarin riƙo karo na biyu, ya zauna a gida duk kakar 2018, ya bar dala miliyan 14.5. New York Jets ta ba shi miliyan 52.5 a 2019, ta rabu da shi a Oktoban 2020. A ɗaya gefen kuma, Kansas City Chiefs ta ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2023 da Isiah Pacheco, wanda aka ɗauka a zagaye na bakwai, na ƙarshe, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba.

Bazarar 2023

A Maris na 2023 Giants na da mutum biyu da kwantiraginsu ya ƙare, tambari kuma ɗaya ne. Ta ba kwatabak ɗinta Daniel Jones dala miliyan 160 na shekara huɗu, ta ɗora tambarin a kan Barkley. An yi ta ciniki har ranar ƙarshe, 17 ga Yuli, ba a daidaita ba. Haka ta faru da Josh Jacobs na Las Vegas Raiders, wanda ya fi kowa gudu a 2022 da yadi 1,653, da Tony Pollard na Cowboys. Wata guda kafin nan Minnesota Vikings ta sallami Dalvin Cook, mutumin da ya haura yadi 1,000 kaka huɗu a jere. Austin Ekeler na Los Angeles Chargers ya kira manyan masu gudu taro ta Zoom. Jonathan Taylor na Indianapolis Colts ya nemi a bar shi ya tafi. Barkley dai bai bi sawun Bell ba. Ya sa hannu a kan shekara ɗaya da za ta iya kaiwa dala miliyan 11 in ya cika wasu sharuɗɗa, ya koma atisaye.

Hujjar ƙungiyoyi ba ta rasa tushe. Suna cewa nasarar gudu ta fi dogara ga ƙartin gaba da tsarin koci fiye da wanda ke ɗauke da ƙwallon, cewa tazarar da ke tsakanin fitaccen mai gudu da matsakaici ba ta kai wadda ke tsakanin fitaccen kwatabak da matsakaici ba, kuma kowace shekara jami'o'i na fitar da sababbi masu arha. Jim Irsay, mai ƙungiyar Colts a lokacin, ya rubuta a shafinsa cewa an yi shekaru ana tattauna yarjejeniyar nan kafin a amince da ita, bai dace wani rukuni ɗaya ya nemi a sake zama don shi kaɗai ba.

'Yan wasan kuwa suna cewa ƙungiya ce ke ɗora musu ƙwallo sau 300 ko 400 a kaka, sannan ita ce za ta juyo ta ce jikin ya tsufa. Duk gudun da ya yi wa ƙungiya amfani yana rage masa farashi. Suna kuma nuni da cewa irin su Barkley da Christian McCaffrey na cafe ƙwallo kamar masu cafewa na ainihi, amma ana lissafa musu tambari a matsayin masu gudu, alhali na mai cafewa a 2023 ya kusa dala miliyan 20.

Ƙungiyar ƙwadago tana tsaka mai wuya. Tana wakiltar kowa, kuma kason 'yan wasa daga kuɗin shigar gasar, kusan kashi 48 cikin ɗari, a yanke yake. In aka ƙara wa masu gudu, daga aljihun wasu 'yan wasan za a cira, ba daga na masu ƙungiyoyi ba. An ba da shawarwari iri-iri, kamar a rage wa masu gudu tsawon kwantiragin farko, ko a haɗa su da masu cafewa wajen lissafin tambari, ko a ware musu kuɗin ƙwazo na musamman. Babu wadda aka aiwatar.

Dukansu biyu suna da gaskiya a abin da suke faɗa, sai dai ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ƙungiyoyi na magana ne a kan abin da ya fi riba a ƙarƙashin dokokin da ake da su. 'Yan wasa na magana a kan ko dokokin sun yi musu adalci. Alƙaluman da ke nuna cewa mai gudu ɗan shekara 23 mai arha ya fi ɗan 28 mai tsada riba daidai ne, amma arharsa ba kasuwa ce ta yanke ba, yarjejeniyar 2011 ce.

Philadelphia

Barkley ya yi yadi 962 a 2023, a bayan ƙartin gaba da ke cikin mafi rauni a gasar. Giants ba ta sake ɗora masa tambari ba. A Maris na 2024 ya sa hannu da Eagles, abokiyar hamayyarta a rukuni ɗaya, a kan dala miliyan 37.75 na shekara uku, miliyan 26 garanti. Kyamarar wani shirin talabijin ta ɗauki John Mara, ɗaya daga cikin masu Giants, yana gaya wa manajansa cewa barci zai yi masa wuya in Barkley ya tafi Philadelphia.

A wasansa na farko, a São Paulo ta Brazil, ya shiga ƙarshen fili sau uku. A Oktoba ya koma tsohon filinsa, magoya bayan Giants na yi masa ihu, ya yi yadi 176. A Nuwamba, da Jacksonville Jaguars, ya cafe ƙwallo, ya kauce wa mutum ɗaya, ya juya ya zille wa na biyu, ya samu kansa yana ba na uku baya, sai ya daka tsalle da baya ya ƙetare kansa ƙafafu a ware. Ya gama kaka da yadi 2,005, mutum na tara da ya taɓa kaiwa 2,000. Saura 101 ya karya tarihin Dickerson na yadi 2,105 da ke tsaye tun 1984, amma koci Nick Sirianni ya hutar da shi a wasan ƙarshe, wanda da Giants ne, don a adana jikinsa. A wasannin neman kofi ya yi yadi 205 cikin dusar ƙanƙara da Rams. Jimillarsa ta kai 2,504, ya wuce 2,476 na Terrell Davis na kakar 1998. Ranar 9 ga Fabrairu, 2025, ranar da ya cika shekara 28, Eagles ta doke Chiefs da 40 da 22 a New Orleans ta ɗauki kofi. Giants kuwa ta sallami Daniel Jones a Nuwamba, ta gama kaka da nasara uku, rashin nasara 14.

Da sauƙi a ce an gama gardama, 'yan wasa sun yi nasara. Akwai abin da ke goyon bayan haka. A wannan kaka Derrick Henry, yana da shekara 30, ya yi wa Baltimore Ravens yadi 1,921, daga baya aka ba shi dala miliyan 30 na shekara biyu. Masu tsaro sun ja da baya don toshe dogon jifa, hakan ya bar sarari a tsakiya, gudu ya sake yin riba. A zaɓen 2025 Raiders ta ɗauki Ashton Jeanty a matsayi na shida.

Amma masu nazarin alƙaluma ma sun samu abin kamawa. Mutum ɗaya ne ya yi 962 a New York ya yi 2,005 a Philadelphia. Abin da ya canja shi ne ƙartin da ke gabansa, irin su Lane Johnson da Jordan Mailata, da kwatabak Jalen Hurts wanda shi ma yana gudu, da masu cafewa biyu da ba a isa a ƙyale su ba. A wasan ƙarshe Chiefs ta tattara ƙarfinta a kansa, ya yi yadi 57 a gudu 25, Eagles ta ci ta wata hanyar, Hurts ne ya karɓi kyautar gwarzon wasan. Abin da kakar ta nuna shi ne fitaccen mai gudu na iya ɗaga ƙungiyar da ta riga ta cika ta kai ƙololuwa. Ba ta nuna cewa zai iya ɗaukar wadda ba ta da ƙarfi ba, kuma shekara shida da Barkley ya yi a New York shaida ce.

Ko tarihin albashin ma yana buƙatar a auna shi da iyakar albashi. Miliyan 20.6 na Barkley kashi 7.4 ne cikin ɗari na iyakar 2025. Miliyan 16 da McCaffrey ya samu a 2020 sun ɗan haura kashi 8. Kwantiragin Peterson na 2011, kusan miliyan 14 a shekara lokacin iyakar tana miliyan 120, ya wuce kashi 11. Lambar ta ƙaru, kason ya ragu.

Waɗanda ba su kai Barkley ba

Kowace ƙungiya na riƙe masu gudu uku ko huɗu. Mafi yawansu ba za su taɓa ganin tambarin riƙo ba, balle kwantiragi na biyu mai tsoka. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2025 dala 840,000 ne, kuɗi mai yawa ga kowane ma'aikaci, amma a cire haraji da kason wakili, a kuma tuna cewa aikin na iya ƙarewa kafin shekara 26. Sai ɗan wasa ya cika kaka uku da aka lissafa masa kafin ya cancanci fansho da inshorar lafiya ta shekara biyar bayan ya bar wasa. Wanda aka sallama a kaka ta biyu zai tafi da gwiwarsa da kafaɗarsa ya kula da su da kansa. Akwai kuma batun ƙwaƙwalwa. Binciken Jami'ar Boston da aka wallafa a 2017 ya gano cutar da ke biyo bayan yawan buguwar kai a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da suka rasu. Iyalai ne suka ba da su, galibi don sun ga alamun ciwo, don haka adadin ba ya wakiltar dukan 'yan wasa, amma ya isa ya nuna haɗarin.

Mutum biyu masu asali da Najeriya sun bi wannan hanya. Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya je Amurka ne a matsayin ɗan wasan jifan faifai, bai fara wannan ƙwallon ba sai yana da shekara 23. Ya fi kowa gudu a gasar a 1989 da yadi 1,480 a Chiefs, bayan an miƙa masa ƙwallo sau 370. Kaka shida ya yi, raunuka suka tsayar da shi. Jay Ajayi, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma aka haifa a Landan, an ɗauke shi a zagaye na biyar a 2015, ya yi yadi 1,272 a Miami Dolphins a 2016, ya ci kofi da Eagles a Fabrairun 2018. A Oktoban wannan shekara, ana saura 'yan watanni kwantiraginsa na farko ya ƙare ya shiga kasuwa, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Wasa uku kawai ya sake bugawa, a 2019. Labarin Ajayi ya fi na Barkley kama da na yawancin masu wannan aiki.

Wannan ya shafi matasan Afirka kai tsaye, tunda NFL ta fara neman 'yan wasa a nahiyar. Ta buɗe sansanin gwaji a Accra a 2022, ta yi wani a Legas a 2024. Waɗanda ake ɗauka ta wannan hanya yawanci manyan jiki ne da ake koya wa aikin ƙartin gaba ko na tsaro, kuma a kasuwar yau waɗannan matsayai sun fi na mai gudu albashi da tsawon rai. A Amurka ma iyaye da kociyoyin sakandare sun ga lissafin, yaro mai sauri ana yawan ba shi shawarar ya koyi cafe ƙwallo ko tsaron baya.

Yarjejeniyar da ake aiki da ita an sa mata hannu a 2020, ita ce ta ƙara wasanni daga 16 zuwa 17 a kaka, kuma za ta ci gaba har ƙarshen kakar 2030. Masu ƙungiyoyi sun nuna sha'awar kaiwa 18. In za su nemi haka kafin wa'adin, dole su zauna da ƙungiyar ƙwadago, kuma wannan ce ƙofar da za a iya shigar da batun tsawon kwantiragin farko da lissafin tambarin riƙo. Ko za a shigar da shi ya dogara ne ga ko sauran 'yan wasa, waɗanda su ne mafi rinjaye wajen ƙuri'a, za su yarda su sadaukar da wata buƙatarsu saboda rukunin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na membobinsu ba.